Tseren keke a kan burji, a gindin Dutsen Kufena

Duk wanda ya ce Zariya shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, a cikin mota ya san ta. Daga Kwangila zuwa Samaru, ko daga PZ zuwa Ƙofar Doka, inji ne ke haɗiye maka ɗan tudun da ke hanya, ba ka ma san ka hau ba. Amma ka ɗauki keke ka bar kwalta, ka shiga hanyoyin burji da ke bayan Wusasa, wajen Dutsen Kufena, cinyarka za ta ba ka wani labari dabam. Gaskiya ne nan ba Jos ba ce, ba mu da hawan da mutum zai yi rabin awa yana fama da shi. Ƙasarmu tudu ce mai tsayin sama da mita 600 daga teku, manyan duwatsu na tsaye a cikinta ɗaiɗai, rafuka kuma sun yanyanka ta. Abin da hakan ya haifar shi ne gajerun hawa marasa ƙarewa. Ka gangara kwari, ka haye rafi, ka hau tudu, kafin numfashinka ya dawo ga wani kwarin a gabanka. Irin wannan ƙasa a ɓoye take cin mutum, don kowane hawa in ka kalle shi shi kaɗai sai ka raina shi.

A nan muka yi tseren da zan ba da labarinsa, a watan Disamba, bayan an kwashe amfanin gona, hunturu ya kankama. Ba wata hukuma ce ta shirya shi ba. Manyanmu ne a cikin masu fita da keke ranar Asabar da safe suka ɗauki nauyi, kuma mu taron kowa da kowa ne: ɗaliban jami'a, ma'aikata, 'yan kasuwa, teloli, kafintoci. An auna hanya mai tsawon kusan kilomita 20 da ta kewaya ta gindin dutsen ta ratsa gonaki da ƙauye, aka ce zagaye 3 za a yi.

A ƙasashen waje wannan irin tsere ya daɗe da zama babban abu. A garin Emporia na jihar Kansas a Amurka ana yin wani tun 2006, mai tsawon mil 200, wato sama da kilomita 320. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara gasar duniya ta burji a 2022 a yankin Veneto na Italiya, inda Gianni Vermeersch na Beljiyam ya ci ta maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci ta mata. A Kenya ma tun 2021 ana yin na kwana 4 a yankin Maasai Mara. Mutane na biyan kuɗin jirgi su je neman jar hanya mai tsakuwa da ƙura. Mu kuwa ita ce hanyar gona, ita ce hanyar kasuwa, kuma tun zamanin keke Raleigh iyayenmu ke bin ta da buhu a kariya. Wannan tunani ne ya sa da aka sanar a zaurenmu na WhatsApp ban yi wata-wata ba na ba da sunana.

Rajista ba ta da wahala. An biya ɗan kuɗi kaɗan na ruwa da man baburan rakiya, kowa ya sa hannu a takarda cewa lafiyarsa ƙalau kuma da yardarsa ya shiga, ya rubuta lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Sharaɗi ɗaya ne ba a yi sassauci a kansa ba, hular kwano. Wanda ba shi da ita aka aro masa. Aikin da ya fi muhimmanci kuwa ba mu masu tsere muka yi shi ba. Masu shiryawa sun je sun gai da dagaci da masu unguwannin da za a ratsa, suka bayyana abin da ke tafe, suka nemi izini, aka kuma haɗa mu da 'yan sintirin yankin. Duk wanda ya san halin da bayan garinmu ya shiga a 'yan shekarun nan ya san ba a kwashi mutum 40 a shiga da su daji haka kawai. Ina ganin wannan gaisuwa ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Kekena na gwanjo ne, na saye shi a Sabon Gari, mai lanƙwasasshen kai irin na tsere, amma da isasshen fili tsakanin ƙarfe da ƙafa yadda taya mai faɗi za ta shiga. Na cire siraran tayoyin kwalta na sa masu faɗin milimita 40, masu 'yan ƙananan haƙora. Giyarsa mafi sauƙi ita ce farantin gaba mai haƙora 34 da na baya mai 34, wato juyin feda ɗaya juyin ƙafa ɗaya, kuma ga irin tudunmu wannan ya wadatar.

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke a Tudun Wada. Ya kifa shi, ya juya ƙafar baya yana kallon yadda take wucewa ta tsakanin robobin birki, ya ga tana ɗan rawa, ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa har ta miƙe. Ya canza wayar giya da ta fara tsinkewa. Da na gaya masa inda za mu, sai ya ajiye sifana ya dube ni.

"Ɗana, a can ƙaya ce abokiyar gabarka. Tudu kana ganinsa, ƙaya ba ka gani."

Ya ɗauko tsohon tib, ya tsaga shi a tsaye, ya shimfiɗa shi a cikin kowace taya kafin ya mayar da tib ɗin gaske, don ƙaya ta sami abin da za ta fara ratsawa. Masu tsere na waje sun koma taya marar tib, wadda ake zuba mata wani ruwa mai danƙo da ke toshe huji da kansa, amma a nan samun tayar da ruwan aiki ne, kuɗinsu kuma wani aikin. Dabarar Baba tana ƙara wa ƙafa nauyi kaɗan, na yarda da wannan ciniki.

Inda muka bambanta da shi shi ne iska. Shi ya saba da keken dako, wanda ake ba iska har tayar ta yi tauri don ta ɗauki buhu biyu. Na ce, "Baba, a rage mata, kada ta wuce 45 a ma'auni." Ya girgiza kai amma ya yi yadda na ce. Dalilin shi ne wannan. A kan kwalta siririyar taya takan sha 80 ko 90, don hanyar sumul take. A kan tsakuwa kuwa taya mai tauri tsalle take yi a kan kowane ɗan dutse, kuma duk sa'ad da ta tashi daga ƙasa ƙarfin da ka zuba a feda ya tafi a banza, ga jijjiga da ke bi ta hannu ta hau kafaɗa. Taya mai ɗan laushi lanƙwasawa take yi ta rungume dutsen ta wuce, ta kuma riƙe ƙasa a kwana. Sai dai akwai iyaka. In iska ta yi kaɗan ka daki bakin dutse, ƙarfen ƙafa zai matse tib ya yi masa huji biyu a jere. Don haka kowa ke neman tsakiyarsa gwargwadon nauyin jikinsa, kuma ta baya ta ɗan fi ta gaba iska tunda ita ke ɗauke da mutum. Sarƙa kuma na hana a sa mata baƙin mai. A cikin ƙurar hunturu mai kauri kama ƙasa yake yi ya zama dagwalo mai cin haƙora. Ɗan siririn mai aka ɗiga, aka goge da tsumma har ta kusa bushewa.

Atisaye na yi shi makonni kafin ranar, yawanci bayan sallar asuba, ina maimaita gajerun hawa har ƙafa ta saba da tashi bayan ta gaji. Abin da ya fi amfanata shi ne zuwa ganin hanyar da idona, a hankali, ina lura da inda yashi yake, inda ruwan damina ya yanke hanya, da kwanar da ke ɓoye bayan kuka.

Daren ranar na ci tuwon shinkafa na kwanta da wuri. Da asuba shayi da burodi da ayaba kawai, ba abin mai. A aljihun bayan riga na zuba dabino da ayaba biyu, a jikin keke gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya da ɗan gishiri da sukari. Masana abincin 'yan wasa suna cewa in aiki ya wuce awa ɗaya jiki na bukatar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci kowace awa, ruwa kuma wajen rabin lita ko fiye. Hunturu yana da yaudara a nan. Iska busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa nan take, mutum ba ya jin ƙishirwa sai ta riga ta yi masa illa. Na ƙudurta zan riƙa kurɓa bisa agogo, ko na ji ƙishi ko ban ji ba.

Mun taru a wani fili bayan gari kafin ƙarfe 7. Sanyi na cizon yatsu, hazo ya rufe Kufena sai inuwarsa kake gani, wannan dutse da tarihi ya ce yana cikin tsofaffin mazaunan Zagezagi tare da Turunku. Aka ɗaura wa kowa lambarsa a kan keke, an rubuta ta a kwali. Kekuna iri-iri ne: na tsere, na hawan dutse masu ƙaton taya, da wasu baƙaƙe na gargajiya marasa giya waɗanda samarin ƙauyukan da za mu ratsa suka zo da su, don an buɗe musu ƙofa kyauta. Shugaban shiri ya yi bayani a taƙaice. An zana kibiya da toka a kowace mararraba. Cikin ƙauye ba gudu, ba wuce juna, duk wanda ya karya wannan an cire shi. Shanu da masu tafiya a ƙasa su ke da hanya. Babur ɗaya a gaba, biyu a baya, ɗaya ɗauke da ma'aikacin jinya da akwatin magani. Aka yi addu'a, aka shafa, aka busa usur.

Farkon tsere kullum gudu ne na fitar hankali, kowa na son ya shiga gaba kafin hanya ta tsuke. Akwai dalili. Wanda ke bin bayan wani a fili iska ba ta dukansa sosai, yakan sami sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala. Amma a burji bin baya yana da farashi, domin ƙura ce kake sha kuma ba ka ganin rami sai ka faɗa. Sai kiran na gaba kake dogara da shi: "Rami!" "Dutse a hagu!" "Yashi!" Na sami wuri a cikin rukuni na biyu, mu wajen 10, na ƙyale 'yan gaba suka tafi. Na san akwai hawa iri ɗaya da ke jiranmu sau uku.

Wannan hawan shi ne zuciyar hanyar. Yana farawa a hankali tsakanin gonakin dawa da aka girbe, karan na tsaye, sannan ya miƙe ya nufi kafaɗar dutse. Ruwan damina ya yanka shi a tsakiya ya bar rami mai tsawo, gefe guda tsakuwa ce sako-sako, ɗaya gefen kuma akwai siririn sawu da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda baburan ƙauye suka daddaɓe har ya yi tauri. Duk tseren a kan wannan sawu ake yin sa. Ka same shi, kekenka ya tafi. Ka kauce, tayar baya ta fara ƙwaƙular ƙasa tana juyawa a wuri ɗaya.

A kwalta in hawa ya yi tsanani mutum kan miƙe tsaye a kan feda. A nan wanda ya miƙe ya ɗauke nauyinsa daga tayar baya, nan take ta zame. Dole ka zauna, ka ɗan matso bakin sirdi, ka sunkuyar da ƙirji don kada ƙafar gaba ta ɗaga, ka juya feda a zagaye ba da duka ba. Giya kuma tun kafin tudun ya kama ka za ka sauke ta. Na gabana ya jira sai da ƙafarsa ta yi nauyi sannan ya taɓa giya, sarƙa ta yi ƙara ta zame, ya sa ƙafa a ƙasa, mutum uku da ke manne da shi su ma suka tsaya. A irin wannan wuri in ka tsaya ba ka sake hawa, sai turi har sama. Ni na bar tazarar keke ɗaya tsakanina da shi, ita ta ba ni damar ratsewa ta gefe.

Can sama hanyar ta bi ta kan falalen dutse. Nan taya ke samun riƙo mai kyau, kuma nan na fara ɗaga kai. Mata sun riga sun yi shanyar barkono a gefe guda, ja wur a kan baƙin dutse, sun tsaya da tsintsiya a hannu suna kallonmu. Wata dattijuwa ta ɗaga murya, "Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana, a bi a hankali!" Muka amsa da abin da ya rage mana na numfashi.

Gangarar ta fi hawan ban tsoro. Gargada ce tun daga sama har ƙasa, keke na karkarwa har idonka ba ya tsayawa a kan abu ɗaya. Jiki zai ce maka ka ƙanƙame kan keke, alhali sassautawa ake yi. Ka ɗan ɗaga daga sirdi, ka mai da nauyi baya, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, ka bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. Birki kafin kwana ake kama shi, a miƙe. Wanda ya matse birkin gaba a tsakiyar kwana a kan tsakuwa ƙafar gaba za ta tafi ta bar shi. Ido kuma inda kake son bi za ka kai shi, don keke inda ka kalla yake nufa, ka zuba wa dutse ido ka same shi.

A ƙasan gangarar rafi ne da ya ƙafe, yashi zalla mai zurfi. Ka shigo da gudu, cikin ƙiftawar ido gudun ya mutu, feda ta yi nauyi kamar muciya a tukunyar tuwon gidan biki. A zagayen farko na sauke giya, na mai da nauyi baya, na ƙi daina juyawa, na kai kusan ƙarshe sannan na sauka na tura sauran. Yawancinmu haka muka yi.

Ƙauyen kuwa mun ratsa shi a jere, a hankali, yara na bin mu da gudu suna ihu, kaji na watsewa, dattawa na zaune a dakali suna ɗaga hannu. Wasu sun yi gunaguni daga baya cewa dokar ta karya musu gudu. Ni ina bayanta ɗari bisa ɗari. Yaro ɗaya aka buge, da an rufe mana wannan hanya har abada, kuma da gaskiyarsu.

A zagaye na biyu garken shanu ya tare mu a wata fadama, muka tsaya cik har suka wuce, ɗan Fulanin na kaɗa su da sanda yana mana sannu. Jim kaɗan bayan nan, a ƙarƙashin wata aduwa, na ji bayan keken ya fara lilo. Taya ta sace. Na fita gefe, na kifa shi, na zare ƙafar, na ɓalle taya, na zaro tib. Kafin in sa sabo na bi cikin tayar da yatsa a hankali har na ji tsinin. Ƙayar aduwa ce mai tsawo, ta ratsa taya, ta ratsa shimfiɗar Baba, ta kai ga tib. Wanda bai cire ta ba zai sa sabon tib ta sake hudawa kafin ya yi nisa. Na zare ta da haƙori, na mayar da komai, na yi ta buga ɗan famfon hannu yayin da nake jin mutane na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Mai babur na baya ya tsaya ya tambaya ko lafiya, na ce lafiya, ya jira har na hau.

Rukunina ya tafi. Na fara bi ni kaɗai, iskar arewa maso gabas na dukan fuskata, kuma a nan ne na cim ma wani saurayi, bai fi shekara 17 ba, a kan baƙin keke marar giya, da kariyarsa da komai, hular kwanon aro na rawa a kansa. Na wuce shi a fili. Da muka zo hawan, can wajen da ya fi tsanani, sai na ji takun gudu a bayana. Ya dira daga keken tun kafin ya tsaya, ya kama kai yana turawa a guje, ya iso falalen dutse tare da ni, ya daka tsalle ya hau. Ko haki bai cika yi ba.

Da muka doshi rafin ya ce, "Yaya, bi ni ta nan." Bai shiga tsakiya inda sawun kowa yake ba. Ya karkata dama, ta bakin ciyawa, inda shanu ke sauka shan ruwa suka tattake ƙasa mai laima ta daskare. Muka haye ba wanda ya sa ƙafa a ƙasa. Na je ganin hanyar nan kafin tsere, na dube ta da kyau, amma shi kullum yake bin ta da kwandon tumatir zuwa kasuwa, kamar yadda ya gaya mini daga baya. Na miƙa masa dabino, ya karɓa ya ce, "Na gode, Yaya." Daga nan muka haɗa kai ba tare da an yi shawara ba. A fili ni ke gaba ina tare masa iska, a wuri mai wuya shi ke gaba ina bin sawunsa. A haka muka riƙa tsintar waɗanda suka ƙone ƙarfinsu tun zagayen farko.

Zagaye na uku rana ta fito, hazo ya ɗaga, sanyin safe ya zama tarihi. Leɓe ya tsage, ƙura ta cika hanci, wuyan hannu ya yi tsami saboda jijjiga. Wata tifa ɗauke da yashi ta taho mana a guje a wata siririyar hanya, direban bai ko rage ba duk da mai babur na ɗaga masa hannu, muka faɗa cikin kara muka tsaya har ƙurar ta lafa. A gangara muka tarar da ɗaya daga cikin 'yan gaba zaune a gefe, ma'aikacin jinya na wanke masa gwiwa da kafaɗa, hularsa ta tsage a gefe guda. Ya ɗaga mana hannu alamar mu wuce. Wannan tsagewa da a ƙoƙon kansa za ta kasance.

A hawan ƙarshe jijiyar cinyata ta dama ta fara ɗaurewa. Na sauke giya har ƙarshe, na rage ƙarfin da nake dannawa na ƙara saurin juyi, na shanye sauran ruwan gishirin. Ta riƙa kamawa tana saki har na kai sama. Yaron ya riga ni isa, na same shi a gangara.

Kilomita biyun ƙarshe fili ne mai ɗan gangare, ƙasa mai tauri. Nan na sa babbar giya. Shi kuwa ƙafarsa na juyawa iya saurinta amma keken ba shi da abin da zai ƙara ba shi. Na shiga na 8, shi na 9, cikin awa 3 da 'yan mintuna. Na faɗa a wurin kuma ina maimaitawa a nan, giya ce ta raba mu. A ɗora shi a kan kekena, ni ban isa in ga ƙurarsa ba.

Muka zube a inuwar mangwaro, aka kawo ruwa da fura da nono, kowa ya yi ja tun daga gira har ƙafa. Wanda ya zo na ɗaya ɗalibi ne daga Samaru, aka ba shi tayoyi biyu sababbi, na biyu da na uku hular kwano da famfo. Cikin waɗanda suka tashi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba su ƙarasa ba, yawanci saboda faci ko ƙishirwa. Bayan azahar aka zauna aka faɗi gyare-gyare ba ɓoye-ɓoye. Wurin ba da ruwa ɗaya ne tak, ya kamata a ƙara wani a bayan dutse. Kibiyoyin toka shanu sun share wasu tun zagaye na biyu, mutum biyu sun ɓata hanya, don haka a gaba mutum za a tsayar a kowace mararraba. A kuma yi magana da masu ɗibar yashi tun kafin ranar.

Maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta samarin ƙauye, domin uku daga cikinsu sun shiga 15 na farko a kan kekunan dako. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, ta 2024, a shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik a Paris, sannan a 2025 aka yi gasar duniya ta kwalta a Kigali, karo na farko a Afirka. Irin waɗannan 'yan tsere daga yaran da wani ya gani ya ɗora a kan keken da ya dace suka fara. Muka yanke shawarar haɗa wa yaron nan keke mai giya. Wani ya ce yana da ƙarfen keke a ajiye, wani ya ba da ƙafafu, ni na ɗauki sarƙa da giya, Baba na Tudun Wada kuma da na kai masa labari ya ce a kawo ya haɗa ba sai an biya shi ba.

Kafin a miƙa masa, mu uku muka je ƙauyen muka gai da mahaifinsa a zaure. Ya saurare mu har muka gama, ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya kafa sharaɗi biyu: ban da ranar kasuwa, kuma in damina ta faɗi gona ce gaba. Muka ce mun amince, Baba. Yanzu ranar Asabar yakan taho tun daga can ya same mu a Wusasa, muna koya masa lokacin sauya giya da zama a bayan wani, shi kuma yana nuna mana hanyoyin bayan Kufena da za su shiga zagayen baɗi.